Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Ɗan Kano Ƙarƙashin Teku?

Tun da muka buga hotunan ƙarƙashin Bahar Maliya a fitowar da ta gabata wasiƙu suke shigowa a kan nutso da tukunyar iska, wanda masu yinsa ke kira sukuba. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani malamin makaranta a Gusau: Assalamu alaikum. Malam, mu mutanen tudu ne, teku ba gadonmu ba ce. Me zai sa magidanci mai iyali ya goya tukunya ya shiga inda ba a halicce shi ya zauna ba? Ashe wannan ba jefa kai cikin halaka ba ne, ko kuwa kwaikwayon Turawa?

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan tambaya ita ce wadda mahaifiyata ta yi mini ranar da ta fara jin labarin, saboda haka zan amsa maka kamar yadda na amsa mata, ba tare da ɓoye komai ba.

Tsoro ne ya fara kai ni. Ina ɗan shekara 11, a tsakiyar damina, muka tafi mu huɗu wani kududdufi da ke bayan unguwarmu a cikin birnin Kano, irin ramukan nan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu ruwa ya cika su. Ɗan maƙwabcinmu, wanda muke zuwa makarantar allo tare, ya shiga yana wasa har ya taka inda ramin ya zurma, ya ɗago sau biyu yana kaɗa hannu, mu kuwa muna tsaye a baki muna ihu domin babu wanda ya iya ruwa a cikinmu. Sai bayan la'asar wani mai yasar rijiya ya ciro shi. Daga wannan rana, ko gada zan haye a cikin mota sai na kawar da kai, kuma haka na girma har na yi aure.

Karatu ya kai ni Khartum, aiki kuma ya kai ni Fot Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya. A can na tarar da Hausawa waɗanda kakanninsu suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, wasu suka haye daga Sawakin zuwa Jidda, wasu zama ya kama su a hanya suka yi zuriya. Na ga 'ya'yansu suna faɗawa ruwa daga kan kwale-kwale kamar yadda yaranmu ke dirowa daga kan katanga, suna Hausa da junansu a cikin ruwan, sai na fahimci cewa tsoron da nake ɗauka jinina ne, rashin sani ne kawai da aka bar mu da shi. Na haura shekara 30 lokacin da na fara koyon iyo, a wurin da ruwa bai wuce ƙirjina ba, kuma na shafe wata huɗu kafin na yarda na saki ƙafata daga ƙasa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta uku a horon nutso. Mun durƙusa a kan yashi a zurfin mita 6, mai koyarwa ya yi mini alama in cire gilashin fuskata gaba ɗaya in mayar. Da na cire, ruwan gishiri ya rufe mini ido ya taɓa hancina, nan take kududdufin nan ya dawo mini, har na yunƙura zan miƙe in nufi sama. Mai koyarwar ya riƙe rigata da hannu ɗaya, ya ɗora ɗaya hannun a kan ƙirjina yana dannawa a hankali, kamar yana ƙirga mini numfashi. Na ja iska ta baki, ta zo. Na sake ja, ta sake zuwa. A numfashi na biyar ko na shida na mayar da gilashin, na danne samansa da yatsu, na hura iska ta hanci har ruwan da ke ciki ya fita, na buɗe ido na ga wani ɗan kifi rawaya yana tsintar abinci a yashin da gwiwata ta tayar. Abin da na ɗauke sama da shekara 20 a raina a nan na sauke shi.

Tsoro ne ya kai ni, amma natsuwa ce ta zaunar da ni. A ƙarƙashin ruwa babu waya, babu magana, ba ka jin komai sai shigar numfashinka da fitar kumfa, da wata ƙara siririya kamar ta mai a kasko, wadda ƙananan halittun cikin murjani ke yi. Mai gaggawa iskarsa ce ke saurin ƙarewa, mai fargaba kuma shi ne ke rasa daidaito yana hawa yana sauka, don haka dole mutum ya koyi yin komai a hankali. Idan ya daidaita iskar da ake hura wa rigarsa ta nutso da nauyin dalmar da ke ƙugunsa, sai ya tsaya a tsakiyar ruwa ba ya nitsewa ba ya tasowa, ya ja numfashi ya ɗan ɗaga, ya fitar ya ɗan sauka. Ban taɓa samun wani wuri a doron ƙasa da hankalina ke tattaruwa wuri ɗaya kamar nan ba.

Sai kuma abin da ido ke gani. Tun muna yara muke karanta ayar Suratur Rahman da ta ambaci lu'ulu'u da murjani, ni kuwa abin da na sani na murjani shi ne jan dutsen ado na wuyan mata. Sai da na shiga na ga cewa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina gidaje na farar ƙasa a kan na magabatansu har su zama ganuwa mai tsawon da ido ba ya ganin ƙarshenta. Bahar Maliya tana da nau'in kifi fiye da 1,000, wasu daga ciki babu su a ko'ina sai can. Gani ya kori ji, Malam.

Game da halaka, ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma ba zan ba da fatawa ba. Abin da na sani shi ne haɗarin yana da dalilai sanannu da ƙa'idojin kauce musu, kuma wanda ya shiga ba horo, ko shi kaɗai, ko ya zarce zurfin da aka koya masa, shi ne ya jefa kansa. Batun Turawa kuwa, gaskiya ne Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, su suka haɗa na'urar shaƙar iskar a 1943. Amma nutso ya girme su nesa ba kusa ba, domin Alƙur'ani ya ambaci masu yi wa Annabi Sulaiman nutso, Larabawan gaɓar Tekun Fasha sun shekara ɗaruruwa suna nutson lu'ulu'u da numfashi ɗaya, kuma a Argungu har gobe ana gasar nutso a lokacin bikin kamun kifi.

Daga wani ɗalibin sakandare a Maraɗi: Baba, iskar oksijin ce a cikin tukunyar? Kuma me ya sa idan na nutsa a tafki kunnena ke ciwo kamar zai fashe?

Ɗana, ba oksijin zalla ba ce. Iska ce irin wadda kake shaƙa yanzu, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan kashi 78 naitirojin, an tace ta an busar da ita an matsa ta cikin tukunya mai cin lita 11 ko 12 har matsinta ya ninka na sararin da muke ciki sau 200. Oksijin zalla guba ce ga mai nutso idan ya wuce zurfin mita 6, tana iya sa shi jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin ruwa.

Ciwon kunnenka kuwa daga nauyin ruwa yake. A bakin teku iskar sama tana danne mu da wani nauyi da muka saba da shi, kuma duk mita 10 da ka sauka a ruwa sai a ƙara maka irin wannan nauyin sau ɗaya. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu. Na taɓa sauka da gorar roba wadda babu komai a cikinta sai iska, an rufe bakinta tam, kafin mu kai mita 30 ta lotse kamar an taka ta, da muka taso kuma ta koma yadda take. Akwai ɗan fili mai iska a bayan dodon kunnenka, shi ne ruwan ke matsawa. Maganinsa shi ne ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali tun kafin ciwon ya fara, ka riƙa maimaitawa duk bayan mita ɗaya. Idan ya ƙi, ka ɗan taso sama, kada ka matsa, kuma mai mura kada ya shiga.

Wannan lissafin shi ya haifar da babbar ƙa'idar sukuba, wato kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10 ya taso bai fitar ba, iskar za ta kumbura ta ninka biyu a cikin ƙirjinsa ta yaga huhu. Akwai kuma naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa, wanda idan aka taso da sauri yakan zama kumfa a cikin jiki kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi farat ɗaya, ya jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Shi ya sa muke tasowa a hankali, mu tsaya minti 3 a zurfin mita 5, kuma ba ma hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 idan an yi da yawa. Sabon mai takardar shaida iyakarsa mita 18, nutson nishaɗi kuma gaba ɗayansa ba ya wuce mita 40. Ka riƙe darasin kimiyyarka da kyau, duk abin da na faɗa maka yana cikinsa.

Daga wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Jidda: Malam, teku tana kusa da ni kuma ina sha'awa, amma ina tunanin sutura, da azumi, da kuma cewa ban ƙware a iyo ba.

Hajiya, kina zaune a ɗaya daga cikin wurare mafi sauƙi ga mace Musulma ta koyi wannan abu, domin a Jidda akwai mata masu koyarwa. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hula mai rufe kai da wuya, mata da yawa kuma suna ɗora riga mai ɗan yalwa a kai. Abin kiyayewa kawai shi ne kada mayafi ya zama mai reto wanda zai iya sarƙewa da bututun iska, kuma kada bakin hular ya shiga ƙarƙashin robar gilashin fuska, in ba haka ba ruwa zai yi ta shiga.

Ba a neman gwanar iyo, amma ana neman wadda ruwa ba ya firgita ta. Kafin a ba da takardar farko sai mutum ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade masa lokaci ba, sannan ya zauna a saman ruwa minti 10. Ki fara da wannan a wurin iyo na mata, kada ki yi gaggawa.

Ni dai ba na nutso da rana a watan Ramadan. Iskar tukunya busasshiya ce, tana ƙara ƙishirwa, rashin ruwa a jiki kuma yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin kumfar nan da na ambata, ga shi da wuya a gama nutso ruwa bai taɓa maƙogwaro ba. Hukuncin azumin kuwa ki tambayi malamai. A matsayinki na ma'aikaciyar lafiya kin fi ni sanin muhimmancin gwaji: mai juna biyu ba ta nutso, mai farfaɗiya ma haka, masu asma da ciwon zuciya sai likita ya duba su. Zan ƙara jaddada sikila, domin tana da yawa a cikinmu, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ita.

Daga wani ɗan kasuwa a Agadas: Ba ka tsoron manyan kifayen nan masu cin mutane? Kuma wane wuri ne ya fi tsaya maka a rai?

Alhaji, kifin da Larabawa ke kira ƙirsh, Turawa kuma shak, na gamu da shi sau da yawa, kuma yawanci shi ne ke kaucewa idan ya ji ƙarar kumfa. Akwai haɗari, an kuma taɓa samun waɗanda ya halaka a gaɓar Masar, don haka ba ma ba shi abinci, ba ma bin sa. Amma abin da ya taɓa yi mini rauni shi ne murjanin wuta da na goga da hannu bisa kuskure, da wani ƙarfe da ya yanke ni a yatsa a zurfin mita 20, inda na ga jinina yana fita kore-kore mai duhu, saboda ruwa yana shanye jan launi tun daga mitocin farko.

Wurare biyu ne suka fi tsaya mini, duka a gaɓar Sudan. Na farko jirgin ruwan Umbria ne na Italiya, wanda ke kwance a kan gefensa a kusa da Fot Sudan. A watan Yunin 1940 sojojin ruwan Ingila suka tsare shi yana ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000 zuwa Eritiriya, da kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi sai ya sa aka nutsar da shi don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Har yanzu bama-baman suna jere a cikinsa, ga motocin Fiat, ga buhunan siminti da suka daskare suka zama duwatsu, murjani ya lulluɓe ƙarafan, ƙananan kifaye suna shiga suna fita ta tagogi. Na daɗe a bakin rumbun jirgin ina kallon kayan da aka ƙera don kashe mutane sun zama gidan kifi.

Na biyu Sha'ab Rumi ne, wata ganuwar murjani, inda Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. An kwashe yawancin kayan, amma rumfar ƙarfen da suke ajiye ƙaramin jirginsu na nutso tana nan, mai nutso yana iya shiga ta ƙasa ya ɗago kansa a cikin iskar da ta taru a samanta. Akwai kuma ganuwar murjani ta Sanganeb mai hasumiyar haska jiragen ruwa, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016 tare da mashigin Dungonab, inda wani ɗan'uwan ayun kogunanmu yake kiwo a ciyawar teku. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ban koma ba, kuma mutanen da suka koya mini ruwa sun fi wuraren tsaya mini a rai. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Daga wani matashi a Yawuri: Yaya, kwale-kwale yana yawan kifewa da mutanenmu. Na iya ruwa tun ina yaro. Idan na tara kuɗi na sayi tukunya da gilashi, zan iya riƙa ceton mutane?

Ƙanena, wasiƙarka ce ta fi taɓa ni, kuma Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Amma kada ka sayi komai tukuna. Iya ruwa daban, nutso da tukunya daban, kuma gwanin iyo ya fi kowa shiga haɗari idan ya goya tukunya ba horo, domin ya saba riƙe numfashi, abin da ya zama haramun a nan. Kogin Kwara kuma ba Bahar Maliya ba ne. Ruwan yana da duhu har ba ka ganin tafin hannunka, yana da ƙarfin ja, ga kututturan itatuwa a ƙasa, ga tsofaffin taru da ƙugiyoyi da za su iya riƙe mutum har iskarsa ta ƙare, ga tsargiya. Cika tukunyar ma ba a yi da injin mai faci, domin idan hayaƙin inji ko mai ya shiga iskar, a zurfi yake kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Masu aikin nema a irin wannan ruwa horo na musamman suke yi bayan na farko, da igiya a jikinsu, da mai riƙe ta a sama, da wani mai nutso da ke zaune a shirye.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu. Wanda ya nitse, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kafin kuwa mai nutso ya ɗaura kayansa ya iso wurin wannan lokaci ya wuce. Mafi yawan aikinsa ciro gawa ne, wanda aiki ne mai girma, domin na ga abin da ya zama ga mahaifiyar abokina da aka kawo mata ɗanta aka yi masa sutura. Amma rai a saman ruwa ake cetonsa, da rigar kariya a jikin kowane fasinja, da hana lodin da ya wuce ƙima, da barin tafiyar dare, da koya wa mata da yara yadda za su kwanta rigingine a kan ruwa har taimako ya zo. Wannan na ƙarshe kana iya fara shi a wannan makon da abin da ka riga ka iya, a wuri marar zurfi, yara biyar-biyar, da sanin iyayensu da Sarkin Ruwa, kuma ka nemi ma'aikatan lafiya su koya maka yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga wanda aka ciro.

Idan bayan haka niyyar nutson tana nan, a Legas akwai masu koyarwa da ke ba da takardar shaidar da ake karɓa a ko'ina, kuma horon farko yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar. Ka nemi ganin takardar mai koyarwar kafin ka biya, ka je da aboki ɗaya daga garinku ku koya tare tun da ba a nutso mutum ɗaya, sannan ka sake rubuto mini in gaya maka horon da ya kamata ya biyo baya.